Yadda Na Baro Inna a Alƙahira

Abu na farko da na koya a Alƙahira shi ne tura keken marasa lafiya. A filin jirgi wani ma'aikaci ya turo Inna har bakin ƙofar fita, ya sakar mini keken, ya miƙo hannu a ba shi na goro. Na ba shi, na kama keken da ƙarfina, na tura shi kai tsaye ya daki wani ginshiƙi. Inna ba ta ce uffan ba. Ta gyara mayafinta ta dubi gefe, kamar wani ne can ya yi wannan aika-aika, ba ɗan da ta haifa ba.

Dole in yi bayanin wannan shirun, don a kansa labarin yake. Sunana Sahabi, malamin Turanci ne ni a wata sakandare a Bodinga, kuma ni ne ɗan farin Inna. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Horo Birni aka kai wa ƙanwar mahaifina, Goggo Hajo, a Bodinga, ita ta raine ni. Tun daga nan sunana a bakin Inna ya zama ɗan Hajo. In na je gaishe ta, nakan durƙusa a bakin ƙofa, ta juya fuska wajen bango ta amsa. In tana da magana da ni sai ta gaya wa ƙanwata Luba, ko da ina zaune a wurin: "A ce ma ɗan Hajo shi ci abinci." Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma ban taɓa jin ta dame ni ba. A gida ba a rasa wanda zai ɗauki magana daga bakinta ya kawo kunnena.

Zuciyarta ce ta gaji. Shekara uku tana fama: ƙafafu su kumbura, numfashi ya gajarce, ba ta iya barci sai a jingine. Wani likita a Sakkwato ya kira ni gefe ya ce zuciyar ta yi rauni ƙwarai, mu mayar da ita gida mu kula da ita, shi zai riƙa ba da abin da zai sauƙaƙa mata. Na ji haushinsa har wuya. A raina na ce wannan ita ce maganar da ake sallamar talaka da ita. Na sayar da filina na bayan gari, na nemo mana takardun Masar. Da Luba za mu tafi, sai cikinta ya tsufa, jirgi ba zai ɗauke ta ba. Matata kuma fasfonta ya ƙi fitowa. Da Goggo Hajo ta ji, sai ta ce,

"Kai da ita kaɗai? To wa ka shiga tsakaninku?"

Na yi dariya na ce, "Goggo, asibiti za mu, ba kotu ba."

Zangonmu na farko wani ɗaki ne a hawa na huɗu, cikin wata unguwa da ba a daina ƙarar mota. Wanda ya sama mana shi Alhaji Tanko ne, mutumin ƙasarmu da ya zo karatu shekara ashirin da suka wuce, karatun ya tsaya, shi kuma ya zauna yana dillancin marasa lafiya. Mutum ne mai fara'a da tasbaha doguwa. Yana ganin Inna ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Hajiya, kin zo gidan magani, da ƙafarki za ki hau jirgi." Na ji kamar in rungume shi. Baƙo ko da ido makaho ne, ni kuwa har da ƙarin girman kai, don ina ganin mai Turanci irina ba ya cutuwa. Ban lura ba cewa a titin Alƙahira Turancina bai iya sayo mini ko burodi ba.

Mako biyu Alhaji Tanko yana yawo da mu daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan. A ɗauki jini, a ɗauki hoto, gobe a sake ɗaukar hoton a wani wurin don wai na jiya bai fito da kyau ba. Duk inda muka shiga sai ya ce in jira shi a waje, ya ƙule da mai wurin, ya fito yana murmushi. Sai daga baya na gane abin da ake ƙulewar a kai: kasonsa a cikin kuɗinmu. Inna kuwa ana ta jijjiga ta a bayan tasi, ta dafe ƙirji, in na ce sannu ta ce wa tagar mota, "Da sauƙi."

Ɗakin guda ne da 'yar barandar shiga. Na bar mata gadon, na shimfiɗa katifa a barandar, kuma ta nan ake bi a shiga banɗaki. Abinci ya zame mana wani yaƙin. An hana ta gishiri, ga shi duk abin da zan sayo a ƙasa, daga wakensu har cukunsu, kamar a gishiri aka haife shi. Ni kuma ban iya dafa komai ba sai shayi. Ta kan gutsuri burodi ta ajiye. Ban taɓa jin ta ce tana marmarin fura ba, amma ni da nake da lafiya ma har mafarkinta nake yi.

Wahalar gaske a gaban likita take. Inna ba ta jin Larabci, ba ta jin Turanci, ni ne tafinta. Likita ya ce in tambaye ta sau nawa take fitsari a wuni. Yaya zan dubi Inna in yi mata wannan tambaya? Na kalli kalandar da ke jikin bango na ce, "Likita na tambaya ko ana kewayawa yadda ya kamata." Ta kalli yatsun ƙafarta ta ce, "A ce mai lahiya lau." Na juya na ce masa komai daidai. Ya rubuta, ya ƙara mata ƙwayar da ke fitar da ruwa daga jiki, ya ce kada a yi wasa da ita, ita ce ke hana ruwa taruwa a huhu. Kullum safe nakan ajiye ƙwayar da kofin ruwa a kan kujera in fita, don ba ta cin komai ina kallo. In na dawo ƙwayar ba ta nan.

Ranar Talata ta mako na uku, da hantsi, na dawo daga sayen burodi na same ta zaune a bakin gado, ta kama ƙarfen gadon da hannu biyu, bakinta a buɗe, leɓɓanta sun yi duhu. Numfashinta na ƙara kamar tukunya na tafasa. A haka ma da ta ga inuwata sai da ta yi ƙoƙarin jawo mayafi. Na ɗauke ta cak, karon farko da jikina ya taɓa nata tun ina goye, na sauko bene huɗu ina ihu da Hausa.

Zango na biyu asibiti ne, kwana tara. Suka sa mata oksijin, suka yi ta allurar fitar da ruwa, nas-nas mata suna kula da ita ina waje. Abin mamaki, a kwana na biyar Inna ta tashi zaune da kanta. Ƙafafun suka saɓe, fuskarta ta dawo. Ta ci shinkafa, ta taka har bakin taga tana kallon tattabarun da ke kan rufin maƙwabta. Na buga waya gida na ce a yi ta godiya ga Allah, sauƙi ya samu sosai.

Washegari wata likita dattijuwa mai suna Dakta Samira ta kira ni ofishinta. Ta ce ita aikinta kula da waɗanda ciwonsu ya wuce warkewa, don a rage musu wahala. Ta zuba mini shayi da kanta, sannan ta yi magana a hankali kamar mai karanta wa yaro darasi. Ta ce zuciyar Inna ba za ta gyaru ba, ba tiyata, ba dashe. Ta ce haka ciwon yake, ya kayar da mutum, ya bar shi ya tashi, ya sake kayar da shi, kuma kowace tashi ba ta kai ta baya. Wannan sauƙin da nake gani na 'yan kwanaki ne.

"Yanzu ne jirgi zai yarda ya ɗauke ta," in ji ta. "Zan rubuta maka takarda yau. Amma kafin nan ka zauna da ita ka tambaye ta abin da take so. A ina take son ta ƙarasa kwanakinta? Wa take son ya kasance kusa da ita? Ranta ne, ba naka ba. Ko in zo mu tambaye ta tare, ka fassara?"

Na ce a'a, zan tambaye ta da kaina. Na karɓi takardar na sa a aljihu. A raina kuwa tafasa nake yi: na ƙetaro sahara sukutum, a maimaita mini maganar likitan Sakkwato? Kuma ita wannan baiwar Allah ba ta san abin da take nema ba. A wurinmu ba a gaya wa marar lafiya cewa mutuwa zai yi, Allah kaɗai ya san gawar fari. Balle ni, da ban taɓa tambayar Inna ko ta ƙoshi ba, in zauna gabanta in ce, Inna, a ina kike son ki mutu?

Na kira Alhaji Tanko. Ya yi tsaki ya ce waɗannan likitocin gwamnati haka suke, ya san wani babban farfesa da ke dasa wata 'yar na'ura a ƙirji, zuciya ta koma kamar ta budurwa. Sai dai layinsa da tsawo, mu ba shi mako biyu. Abin da kunnena ke son ji ke nan. Na ninke takardar Dakta Samira na sa a ƙasan jaka, muka koma ɗakinmu na hawa na huɗu.

A kwanakin nan nakan kira Luba da yamma in riƙe wa Inna wayar kusa da bakinta. Ba ta taɓa cewa komai game da jikinta ba sai "da sauƙi". Tambayoyi dai take jerawa. "An hwara yankan gero? Tunkiyar nan ta haihu? Wa ka ba ta dussa? Ruwa bai shiga ɗakina ba?" Kullum su ne, har na fara gajiya da jin labarin tunkiyar. Ni a ganina hirar tsofaffi ce. Malamin da ke koya wa yara gano manufar marubuci, ga uwarsa tana faɗa masa abin da take so kullum yamma, bai gano ba.

Cikin mako guda ƙafafun suka sake cika. Ɗakin ya fara wari irin na wanda ba ya samun wanka yadda ya kamata, ni da ita duka mun sani, duka mun yi kamar ba mu ji ba.

A nan ne Allah ya jefo mana Batula. A kan matakala muka haɗu, ina hawa da robar ruwa ina yi wa kaina faɗa da Hausa. Wata mata baƙa doguwa, ta kai shekara sittin, sanye da lafaya irin ta Sudan, ta tsaya cak ta ce, "Kai, ɗan wa?" Na kusa sakin robar. Ashe kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka tashi za su Hajji a ƙafa, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Yaƙi ne ya koro ta Masar, tana zaune a hawa na uku da 'yarta. Hausarta tsohuwa ce, da Larabci a ciki kamar wake a shinkafa, amma ana ganewa. Na ba ta labarinmu a tsaye. Ta ce, "Ɗan fari ne kai? Kuma kai ke jinyarta? Ya salam. Wuce mu gani."

Ta shiga ta gaida Inna, ta dube ni ta ce in je in sha iska sai la'asar. Da na dawo an yi wa Inna wanka, an canza zanin gado, an buɗe taga. Ina jiyo muryar Inna daga baranda tana magana, doguwar magana, har da 'yar dariya. Sama da wata guda rabon da in ji ta haɗa kalma biyar. Batula ta fito ta ja ni zuwa matakala, ta buɗe tafin hannunta. Ƙwayoyi ne farare, sun fi talatin, wasu sun fara narkewa.

"A bakin zaninta na same su a ƙulle," in ji ta. "Maganin fitsari ne. In ta sha, sai ta tashi sau goma, kuma ba ta iya kai kanta. Sai ta bi ta kanka, ko ta kira ka ka riƙe ta. Ta ce gara ruwan ya cinye ta."

Na zauna a kan matakala. Wato kwanciyar asibitin nan, da wannan kumburin na yanzu, duk daga katifata da na shimfiɗa a hanyar banɗaki suka fito. Ban gama haɗiye wannan ba ta ƙara da cewa, "Akwai saƙo. Ta ce a gaya wa ɗan Hajo gida take so. Ta ce tun ranar da kuka sauka take so. Ta san ba tashi za ta yi ba, tun Sakkwato ta sani. Ta biyo ka ne don ka riga ka sayar da filinka, kada mutane su ce ta watsa maka ƙasa a ido."

Na ce, "Me ya sa ba ta faɗa ba?"

Batula ta dube ni kamar ta mare ni. "Ga wa za ta faɗa, ɗana? Ga bango?"

Da gari ya waye na tono takardar daga ƙasan jaka na ruga wurin Dakta Samira. Ba ta yi mini gori ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce takardar ta kwana goma sha bakwai, ba ta da amfani, sai ta sake ganin Inna. Da kanta ta zo, ta hau benen nan huɗu tana haki. Ta auna, ta saurari ƙirji, ta danna ƙafa yatsanta ya lotsa. Aka ɗauki jini. Sakamako ya nuna ƙoda ma ta fara gazawa. Ta ce a sama iska ba ta kai ta ƙasa ba, Inna kuma a ƙasan ma sai da oksijin take numfashi. Babu jirgin da zai karɓe ta, in ma ya karɓa ba za ta sauka da rai ba. Za a gwada allura kwana uku a gani. Aka gwada, ruwan ya ƙi fita. Farfesan Alhaji Tanko kuwa, da na kai masa takardun da kaina, bai yi minti biyu ba ya ce wannan ba za ta jure ko allurar barci ba, wa ya ce mini zai taɓa ta? Daga ranar wayar Alhaji Tanko ta daina shiga.

Zangon ƙarshe ɗakin nan ne dai. Dakta Samira ta tambayi Inna, wannan karon ta bakin Batula, ko tana son komawa asibiti. Inna ta ce a'a, ta gaji da hannun baƙi. Sai aka kawo tukunyar oksijin gida, wata nas tana leƙowa kullum. Aka ba mu wani magani na ruwa, mofin, 'yan ɗigo kaɗan a ƙarƙashin harshe, don ya kwantar da wannan jin na shaƙewa. Na tsorata da shi, na ce ba shi ne ke kashe mutane ba? Likitar ta ce a wannan ƙimar ba ya rage kwana, wahala yake ragewa. Ta koya mini in jera matasai a bayanta, in juya fanka ƙarama tana hura mata fuska, in riƙa jiƙa mata leɓe da auduga. Ta soke rabin ƙwayoyin da ake ba ta, ta ce ba su da sauran aiki. Ta ce dokar abinci ma ta ƙare, duk abin da ranta ke so a ba ta.

Batula ta samo gero a kasuwar 'yan Sudan, ta daka a turminta na ƙarfe, ta dama fura da nonon kanti. Inna ta sha cokali uku ta ce geron bai kai na Horo Birni ba, amma Allah shi yi albarka. Na mayar da katifata kan matakala, maƙwabta suna tsallake ni. Ta bakin Batula Inna ta raba kayanta: tunkiyar ta Luba ce, kwanonin a ba matata, in Luba ta haifi mace kada a sa sunanta, a sa na Hajo. Ni ba a aiko mini da komai ba. Nakan zauna a baranda ina jin numfashinta, ya ja, ya tsaya, in riƙe nawa har sai ya dawo. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na kwanakin nan ba, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi in huta. Na kira gida, suka ce yaya jikin Inna, na ji bakina ya ce da sauƙi.

Ranar wata Laraba Batula ta tafi ofishin 'yan gudun hijira, an ba ta ranar da ba ta ɗaguwa. Ta ce in zauna a ciki, kada in kuskura in koma matakala. Na zauna a ƙasa kusa da gadon, na ba Inna gefena kamar yadda muka saba. Bayan la'asar rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan zanin gado. Ina jiƙa audugar ke nan na ji an ce,

"Sahabi."

Na waiga bakin ƙofa, don ban san muryar da sunana a cikinta ba. Babu kowa. Na juyo, idonta na kaina, tsakiyar fuskata, ba ta kawar ba. Ashe idanunta irin nawa ne, ban taɓa samun damar dubawa ba.

"Na'am, Inna."

Ta ja numfashi sau uku kafin ta tara abin da za ta faɗa.

"Kai ni gida."

Na san abin da likita ta ce. Ita ma ta sani, don Batula ba ta ɓoye mata ba. Ina da Hausa, ina da Turanci, na nemi kalma ɗaya ta gaskiya da zan ba ta na rasa. Na ce, "To, Inna. Gobe."

Ta ɗan daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Allah shi kai mu," ta lumshe ido. Hannunta na kusa da nawa a kan gado, na ɗora nawa a kai, ba ta janye ba.

Washegari da hantsi ta cika, Batula na karanta mata kalmar shahada, ina riƙe da fankar da ba ta da sauran amfani. Da Batula ta buɗe jakar Inna neman zanin da za a rufe ta, sai ga likkafani a ƙasan kaya, sabo, an yanka an ninke, har da turare a ƙulle a gefe. Tun daga Horo Birni ta taho da abinta.

Mutanen masallacin unguwa suka yi mana komai, Allah ya saka musu. Mutum goma sha wani abu suka sallace ta, babu wanda ya san sunanta sai ni. Muka tafi wata maƙabarta a bakin sahara inda masu hali suka keɓe wa baƙi wuri. Kabarinsu ba irin namu ba ne. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, ana ɗaga dutse a sauka ta matakala, a kwantar da mamaci kusa da waɗanda suka riga shi. Na sauka da ita da hannuna, na kwantar da ita a gefen wasu mata da ba ta jin harshensu. Aka mayar da dutsen. Ko tudun ƙasa da zan nuna in ce nan Inna take babu.

Na dawo da jakarta a kafaɗa. A Horo Birni an gama yankan gero, an ɗaure dammuna, tunkiyar ta haifi biyu. Luba ta sauka, mace, aka sa mata Hajo. Maza suka yi ta zuwa gaisuwa, kowa na cewa na yi abin da ɗa ke yi, wasu har da cewa ta yi sa'a, ƙasar annabawa ta samu. Ina amsawa da godiya. Ƙanen mahaifina ya nuna mini wurin da suka bari kusa da kabarin Baba, ya ce to, Allah bai nufa ba.

Sai da mutane suka ragu Goggo Hajo ta kira ni ɗakin Inna. Ta tsufa ƙwarai a wata biyun nan. Ba ta tuna mini maganar kotu ba. Ta zauna a bakin gadon tana shafa tabarmar, ta ce,

"Ta yi magana da kai? Da bakinta?"

Na ce, "Sau ɗaya. Har sunana ta kira."

Goggo ta ɗago da sauri, fuskarta ta washe, ta ce, "Alhamdu lillahi! To mi tac ce maka?"

Na dubi bangon da Inna ke juya wa fuska. Shekara arba'in da ɗaya, abu ɗaya Inna ta taɓa roƙona da bakinta, na ce mata gobe.